Yaya Sani, Sun Yi Fim Ɗinka Sun Yi Maka Ƙarya

Assalamu alaikum Yaya Sani, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ƙanwarka Rakiya ce.

Ka tuna yadda kake zaunar da mu kallon finafinan 'yan wasan alkafura na ƙasashen waje? Ana tsaka da kukan jaruma sai ka ja tsaki ka ce, "Labarin dai ya yi, amma dubi saukarta, wannan ba ta taɓa juyi a sama ba." Haushi kake ba mu, ga shi kuma kullum kai ke da gaskiya.

To Yaya, an yi naka fim ɗin.

Wani darakta ya zo gidanmu bayan rasuwarka, ya durƙusa gaban Inna har da hawaye, wai yana son yin fim ɗin rayuwarka. Ta ba shi bidiyon da ke cikin wayarka, wanda kake juyi a bayan kamfanin katifar da kake aiki a Sharada, kana sauka kan guntayen soso. A ciki ya ga kana shafa garin alli a tafin hannu don kada gumi ya sa ka zame daga jikin ƙarfen da kake lilo a kai. Bai tambayi kowa ba. A fim ɗinsa allin nan ya koma hodar iblis da kake shaƙa, wai ita ta bugar da kai ka faɗo daga rufin kamfani.

Kai da ko goro ba ka ci! Tirela ce ta take ka a hanyar Dakata kana kan kekenka, duk unguwa an sani.

Jiya 'yarka Hauwa ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci. Yara sun ce mata 'yar ɗan ƙwaya. Ta tambaye ni ko da gaske ne, na ga alama rantsuwata ba ta kai fim ɗin ƙarfi a wajenta ba.

Inna ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma ban yafe ba, kuma ba ranar yafewa. Allah ya isa. Allah ya ja kwanan mutumin nan har a yi fim ɗin rayuwarsa, maƙiyinsa ya rubuta labarin, 'ya'yansa su kalla su yarda.

Kai kuma Allah ya haskaka kabarinka, ya sa Hauwa ta yarda da ni.

Ƙanwarka,
Rakiya