Riguna na kan ruwa, Kano ta juya

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya Hajiya da ƙafar tata? Ya Anti Rabi da yara, ya kasuwa? Ni ƙaninka sarkin kasuwar Shahe ta nan Gwanzu lafiya lau, har tumbi nayi.

Amma wallahi raina a ɓace yake. Kai kace min duk Kano ta bi ɗan takarar shugaban ƙasan nan mai gilashi. Na tafi gun lawban ɗina, wato mai masana'antar da ke buga mana kaya, na sa ya cika riguna da hula hana-sallah da fuskar ɗan takarar. Kaya na kan ruwa sai naji jagoran jiharmu ya sauya sheƙa, jama'a duk sun bishi. Nace ba komai, ni ba'a kada ni, na sake buga na sabon ɗan takarar da suka koma wa.

Ran Juma'a a ƙofar masallacin Huaisheng wani ɗan Maraɗi ya miƙo min waya yana dariya. Wai an shirya, an koma gun mai gilashi! Mutanen da jiya suke tsine masa yau sune ke masa kirari. Tir! Na roƙi lawban ya goge fuskar, yace meyo, wato babu. Shima har ya gane mu, yana tambayata yau kuma wa muke so.

Dan Allah in na farkon sun iso an sake juyawa, karka saida su a gwanjo, ka ɓoye a sito. Ka gaida Hajiya da su Kawu. A tayani addu'a Kano ta zauna waje ɗaya, ko na sati shida ne, kwantenar mai gilashi ta samu ta iso.

Naka,
Bala na Gwanzu