Idon da Na Kasa Ɗagawa

Yaya Hambali,

Assalamu alaikum. Ina Inna da Baba? Ya ƙafar tasa? An saki ruwa kun dasa shinkafar kuwa? Ni lafiya lau nake a Legas, kada ku damu.

Na je ganawa da kamfanin Turawan nan mai sayar da injin ban-ruwa. Turancin da na sha wahalar koya bai ba ni kunya ba, Yaya. Amma manajan dattijo ne, sa'an Baba. Ina shiga na rusuna, na amsa duk tambayoyinsa ina kallon takalmansa, yadda aka tarbiyyantar da mu a Kura. Da na fito, wani ma'aikacinsu ɗan Bunkure ya ja ni gefe ya ce, “Malam, a wajensu wanda ba ya kallon ido, ko maƙaryaci ne ko matsoraci.” Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani suka ɗauka.

Ka ce wa Inna ba a gama magana ba, ta ci gaba da addu'a. Yanzu a madubi nake koyon kallon mutum. In na dawo ka ga na haɗa ido da Baba, ka ba shi haƙuri, wallahi ba raini ba ne.

Ƙaninka,
Lukmanu