Gyaran Taubashina

Madawa, daren Laraba, Maris 1996

Har yanzu ɗakin nan warin ƙonanniyar roba yake yi. Wata ukku ina buga basket, ƙwallon kwando, a na'urar wasan da wani likita Ba'amurike ya bar mini da zai koma gida. Kullum in na taso daga aiki sai in haɗa ta da tele. Ƴan wasana sun kai wasan ƙarshe, yau ne za mu ɗauki kup.

Na'urar ba ta shan kuran ɗinmu na lantarki kai tsaye, sai ya bi ta transfo, wani baƙin ƙarfe, ya rage ƙarfi. Kowa a gidan nan ya sani, ban da Illa, taubashina da ya zo daga Karofane jiya.

Yau da na taso na iske shi zaune yana murmushi. Wai ya ji baƙin ƙarfen nan ya yi zafi yana gurnani, sai ya cire shi ya jona wayar a bango.

"Na gyara maka, bawana," in ji shi. "Hayaƙi kaɗan ta yi, ta yi shiru."

Na buɗe baki, inna ta harare ni. Ba a fushi da taubashi. Dole na yi dariya.

Na'urar ta ƙone. Kaset ɗin wasan da ke cikinta kam lafiya lau yake, ƴan wasana na ciki suna jirana, amma daga nan har Tawa ban san inda zan saka shi ba.

Da zai kwanta ya leƙo, wai: "To, wa ya ci?"

Kai ka ci, Illa. Wallahi kai ka ci.