Marmaro Biyu a Ƙauyen Inna

Wurno, cikin watan Rajab.

Zuwa ga yayata Zuwaira, a ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Shi ɗauke maki ciwon da Alhaji Mode ya ba ni labari, Shi ƙara maki kwana. Mu nan lahiya muke. Bilki ta haihu, mace, an sa mata sunanki. Ni kuwa ina zaure kamar kullum. Turawan da na ƙare ƙuruciyata ina yi wa aikin alƙalami, yau ko suna wucewa ba su san fuskata ba.

Saƙonki ya iske ni, wai in ɗebo maki ruwan marmaron ƙauyen Inna, a zuba cikin ruwan wankanki ranar da Allah Ya yi kira. Mutane na wahala su kawo zamzam daga gabas, ke kina gabas kina begen ruwan bayan Giyawa. Duk da haka na hau jaki na tahi.

Yaya, ban gane wurin ba. Babu kowa bisa dutsen da ƙauyen yake a da, an sauko da mutane ƙasa tun bara waccan. Marmaro kuma biyu na iske: guda gindin dutse, an ɗaure shi da siminti an sa bututu, guda can cikin duwatsu ƙarƙashin kanya. Wata tsohuwa Safara'u, da ta ce tare sunka yi 'yanmatanci da Inna, ta rantse mai simintin shi ne na da, wancan kuwa sai shekarar farin ɗango ya ɓullo. Mai unguwa Isa ya ce na gindin kanya ne na da, kada in biye mata, ko jikokinta ba ta ganewa. Ta ce shi mi ya sani, yaron jiya, ita ta riƙe shi anka yi mashi kaciya yana ihu. Sunka yi ta yi har sunka mance da ni.

Na ce masu ni wata tsamiya nake tunawa, inda Inna ke aje tulu. Nan kaɗai bakinsu ya zo ɗaya, wai ba a taɓa yin tsamiya wurin ba. Na sha wanga, na sha wancan, na koma na sake sha. Ruwa ne kawai. Wallahi ban sani ba ko wurin ya sake, ko ni ne.

Don haka kwalba biyu na ba Alhaji Mode, na liƙe bakinsu da kakin zuma. Mai jan zare ita ce ta gindin kanya. Ki ɗanɗana tun da sauran ƙarfi. In kin gane namu, ki aiko mani in sani. In ke ma ba ki gane ba, ki ce a gauraya su, kuma kada ki faɗa mani.

Ki gaishe da Lawwali da Husainatu da yaransu. Bilki da Ladidi na gaishe ki.

Ni ne ƙanenki,
Ma'azu.