Maganganun da Na Soke da Jan Biro

Zuwa gare ki Tasya, sanyin idanuna, hasken Asabar ɗina, inuwar da na daɗe ina hutawa a ƙarƙashinta ina yaudarar kaina cewa rana ce kawai ta yi sauƙi. Gaisuwa mai tarin yawa daga wanda kike ɗauka malaminki ne, wanda yau ya ajiye malanta gefe ya zo miki da roƙo.

Da hantsi nake rubuto miki, daga barandar gidanmu. Jemagu sun sake yi wa mangwaron bayan gida ɓarna, ban ko tashi na share ba. Ranar Litinin jirginki zai tashi zuwa garin Mount Isa mai nisa, inda asibiti ya ɗauke ki aikin jinya, ni kuwa Arkadi, wanda ya shekara ashirin yana kwance injinan jiragen kogin Brisbane yana ɗaurawa, na yi wata goma sha huɗu na kasa gaya miki kalmomi uku. Ina son ki. Ga su nan na rubuta, kuma duniya ba ta tashi ba.

Kin tuna zuwanki na farko zauren cocinmu, inda nake taimaka wa sababbin zuwa da Turanci? Kin shigo da rigar sanyi a hannu cikin zafin da ake yi a ƙasar nan a Disamba, kamar har lokacin ba ki yarda kin baro ƙanƙarar garinku Irkutsk ba. Na yi miki maraba da Rashancin da na koya a kicin ɗin kakata Agrafena, wanda ta taho da shi daga unguwar Rashawa ta birnin Harbin tun tana budurwa. Kika saki baki kina kallona, sannan kika ce, "Kai, Arkadi Pavlovich, wa ya tono ka? Kana magana kamar wanda ya kwana shekara ɗari a akwatin kakarsa!" Zauren ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma wani abu ya faɗo mini a ƙirji ranar, kuma har yau bai tashi ba.

Ya ke ruwan farkon damina, wace irin magana ce Allah ya zuba miki a baki! Ba kya cewa wani ya yi ƙarya, sai dai ki ce ya rataya miki taliya a kunne. Ba kya cewa mutum ya faye zuzuta abu, sai ki ce ya mai da ƙuda giwa. In ranki ya ɓaci, kyanwoyi ne suke yaƙushin zuciyarki. Tun rasuwar kakata ban sake jin an yi magana haka a kusa da ni ba. Nakan koma gida in zauna da maganganunki kamar mai tsotsar alewa, ba na so ta ƙare.

Sai jarrabawar nan ta Turanci da ake yi wa masu neman aikin jinya ta kayar da ke karo na biyu. Sun sa wani ya yi kamar majinyaci, ke kuma cikin kulawa kika ce masa ya fara kashe 'yar tsutsar cikinsa kafin ya sha magani, kina nufin ya ɗan taɓa abinci. Mutumin ya zaro ido, mai ba da maki ya sunkuyar da kai yana rubutu. Da yammacin ranar muna cikin jirgi a tsakiyar kogi hadari ya haɗo, ruwa ya kece, kowa ya gudu ciki ban da ke. Kika tsaya a waje gashinki ya manne a goshi, kika ce, "To gaya mini, malam, me suke cewa in ana irin wannan ruwa?" Na ce suna cewa sama na zubo kyanwoyi da karnuka. Kika buga ƙarfen jirgin da tafin hannu. "Ka ji fa! Mutanen da karnuka ke faɗo musu daga sama, su ne za su kayar da ni saboda tsutsa ɗaya tak?" Kina dariya kina kuka, ruwan ya hana a gane wanne ya fi yawa. Da a lokacin na riƙe hannunki! Maimakon haka na ce zan yi miki katuna.

Na yi kuwa. Ɗari uku da 'yan kai, a kwalin takalmi. A gaba maganarku, a baya abin da mutanen nan suke faɗa a madadinta. Inda babu madadi, sai in soke taki da jan biro in rubuta miki jimla mai santsi wadda ba za ta firgita kowa ba. Kowace Asabar kina magana ina ɗaga biro, ke kuma ki haɗiye abin da ya zo bakinki ki nemo wani. Kina da kai, ba ki taɓa maimaita kuskure ba. Karo na uku kika ci, da maki mai kyau, kika kawo mana wainar kabeji a zaure, kowa ya ce malam ya yi ƙoƙari.

Ƙoƙarin me, Tasya? Asabar da ta wuce na tambaye ki ya kike, kika amsa mini da Turanci tsaf, "Lafiya ƙalau, na gode, kai fa?" kamar ma'aikaciyar banki. Alhali ina ganin idonki, na san kyanwoyin suna can ciki suna aikinsu, amma ni da hannuna na rufe musu ƙofa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Wane irin mai lambu ne zai yi wa bishiya aski har ya sare reshen da tsuntsu ke waƙa a kai, sannan ya tsaya yana mamakin shiru? Ba na nadamar cin jarrabawarki, Allah ya sani. Marasa lafiya suna bukatar magana madaidaiciya, kuma za su same ta a wurinki. Abin da nake roƙo shi ne a sami wuri guda a ƙasar nan mai faɗi, ko da teburin kicin ne, inda in kin dawo daga aiki a gajiye za ki tuɓe Turanci kamar yadda kike tuɓe takalmi, ki yi magana yadda mahaifiyarki ta koya miki, kuma a sami wanda zai gane ba sai an juya kati ba. A Mount Isa wa zai gane? Wa zai san abin da zai amsa?

Ina so in zama wannan mutumin. Ba yaro ba ne ni, shekarata arba'in da takwas, gemuna ya fara fari, farcena ba ya rabuwa da baƙin mai, kuma kin sha gaya mini shayina ruwan wanke kofi ne. Na san can babu kogin da jirgi ke bi, sai duwatsu da ma'adinai da zafi. Amma inji inji ne, na tambaya, suna neman masu gyara. Shugabana a wurin aiki ya ce, "Arki, ka haukace ne? A shekarunka?" Na ce masa eh, kuma da alama ba na son magani.

Ga abin da nake nema, ya ke wadda muryarta ta fi mini kukan tsuntsayen asuba. Na san ba za ki fita daga ɗakin nan naki ba sai kin bi al'adarmu, a rufe akwatuna, kowa ya sami wuri ya zauna shiru na minti ɗaya kafin a kama hanya. Ki bar ni in zo ranar Litinin da ƙarfe bakwai in kai ki filin jirgi, in yi wannan zaman tare da ke. Ba zan ce uffan ba. Jakata za ta kasance a bayan mota, a ɗaure, tikitina a aljihu. In muka miƙe kika kira ni Arkadi Pavlovich kamar kullum, zan ɗauki kayanki in raka ki har bakin ƙofar shiga, in yi miki addu'a da zuciya ɗaya, ba za ki ko gane a idona cewa akwai jakar ba. In kuwa kika ce Arkasha, kamar yadda mutanen gida suke kirana, to kujerar da ke bayan taki a jirgin tawa ce. Ta kusa da ke wani ya riga ni.

Ko wanne kika zaɓa, zuciyata ta riga ta zaɓa, kuma ba ta iya ja da baya. Naki ne ni a nan bakin kogi, naki ne a can cikin duwatsu, yau da gobe da ranar da hannuwan nan za su daina iya riƙe sifana.

Mai jiran ƙarfe bakwai na Litinin,
Arkasha