Harsashi Mai Ƙamshin Humra

Rusaifa, Makka
Ranar Talata

Zuwa ga Yayata Ɗaso,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidan, da Zinariya, da duk mutanen Kano. Yaya ƙafar Gwaggo? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan ƙalau muke.

Saƙonki ya iso ta hannun Hajiyar da ta zo umara: littattafai, da tsamiya, da kwalbar humra. Allah ya saka da alheri. Maigidana Muhsin yana ta yi mini dariya, wai ni kaɗai ce a Makka ke rubuta wasiƙa da biro sannan ta ɗauke ta hoto a waya. Na ce masa a littattafanki na koyi rubuta Hausa, kuma duk matan da ke cikinsu haka suke yi.

Yaya, kin san abin da ke kwana a ɗakina yanzu? Harsashi! Kwali biyu. Muhsin ne ya shigo da su. Kin dai san aikinsa, yana koyar da harbin bara da bindiga a wani nadi, wato kulob, can hanyar Jidda bayan an fita iyakar Harami. Amma bai taɓa shigowa gida da komai ba. Ummi, mahaifiyarsa, da ta ji sai ta kama salati, ta ce ita tun tasowarta ba ta ga wanda ya kwana da makami a garin nan ba. Ya nuna mata ruksarsa, wato lasisi, ya ce hukuma ta yarda ya ajiye, muddin suna cikin akwatin ƙarfe a kulle kuma babu mai buɗewa sai shi.

Wai waɗannan ba sababbi ba ne, sake-haɗi ne. Idan aka yi harbi, kwanson tagullar yana faɗuwa ƙasa, sai kamfani ya tattara, ya gyara, ya sake zuba albarushi ya sa dalma. Na ce ashe har harsashi yana da gwanjo. Ya haɗa rai, ya ce inji ne yake auna kowanne, kuma don harbin takarda ba su da bambanci da sababbi, ga arha. Samarin unguwar Mansur da yawa suna son koyo, tsadar harsashi ke korarsu. Ya daɗe yana roƙon mudir, shugaban nadin, ya yarda a riƙa koyo da irin waɗannan. Mudir ya ce shi bai yarda da abin da aka taɓa harbawa ba, amma jibi Alhamis Muhsin ya gwada a gabansa. Abokinsa Mahadi, wanda iyayensa suka zo ta Sudan, shi ne wakilin kamfanin, daga ofishinsa na unguwar Kudai aka ɗauko su.

To ga sirrin. Yau da safe zan wanke tob ɗinsa, wato jallabiyarsa, sai na ji makulli a aljihu. Na ce bari in leƙa kawai. Yaya, da kin gan su da kin ji tausayinsa. Duk sun dushe, wasu har da baƙi-baƙi, kamar tsohuwar butar gahawa. Da wannan zai tsaya gaban mudir? Nan na tuna matar nan ta littafin da kika aiko bara, wadda mijinta bai taɓa fita da ko alƙalami ba sai ta goge ta turara. Na jiƙa tsamiyarki a roba, na juye kwali ɗaya a ciki, na bar su suka sha har azahar, yadda nake yi wa butar Ummi. Na dirje su, na shanya, sannan na bi kowanne da auduga da humra, har gindinsa. Na so in ɗora su a kan kasko su sha turaren wuta, sai na tuna albarushi ne, wautata ba ta kai nan ba.

Yanzu suna ƙyalli kamar 'yan kunne. Kwali na biyu ban samu yi ba, tsamiyar ta salance. Na sa masu kyan a sama, na kulle, na mayar da makulli. Ban gaya masa ba. Ina so ya buɗe a gaban mutane ƙamshi ya buge shi, ya tuna wadda ya bari a gida.

Ki taya mu addu'a. Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Hanan

Rusaifa, Makka
Ranar Lahadi

Yaya Ɗaso,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bindiga ta fashe a hannun Muhsin ranar Alhamis. Yana raye, alhamdu lillahi, idonsa ma lafiya. Amma an yi masa ɗinki a manuniyar dama da babban yatsa, kuma likita bai ce komai ba tukuna game da jijiyar.

Ina cikin jera faranti ina jiran ya dawo da albishir, Mahadi ya kira daga asibiti. Ban san yadda na sa abaya ba. A can na ji yadda aka yi. Harsashi na farko ya tashi, na biyu ya ƙi. Aka fitar da shi, ya ci gaba. Da aka zo harbin sauri, wanda ake yi a jere ba tsayawa, ɗaya ya yi ƙara 'yar kaɗan, dalmar ta maƙale a cikin bututu, na bayansa ya zo ya same ta. Mudir yana tsaye a bayansa.

An dakatar da Muhsin sai an gama bincike. Mudir ya ce dama ya faɗa, abin da aka tsinto a ƙasa ba ya zama sabo. Kamfani kuma ya ce wa Mahadi ya zauna a gida, wai watakila shi ya ajiye kayan inda damshi ya shige su.

Kin san ni. Kwana biyun farko zargi na yi ta yi. Na ce akwai mai baƙin ciki da shi a nadin, irin abokin aikin nan da ke murmushi a fili yana haƙa rami a ɓoye. Har na zaɓi wanda ya yi a raina, wani da ban taɓa gani ba. Na gaya wa Muhsin, ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Halas, Hanan, bar maganar."

Jiya na ɗauko tob ɗin da ya ji ciwo da shi zan jiƙa, jinin ya bushe a hannun riga. Na laluba aljihu, sai ga kwanso guda, fanko, yana ƙyalli. Ban ma kai shi hanci ba na ji. Humrarki ce, Yaya. Ko wutar albarushi ba ta kore ta ba.

Na tsaya a banɗaki da shi a hannu, na rasa abin da ya sa mutumin da hannunsa ke zubar da jini zai sunkuya ya tsinci kwanso ya ɓoye. Na je na same shi a falo, na ajiye shi a kan cinyarsa. Ya ce tun da ya buɗe kwalin ya ji ƙamshin. Ya ɗauka a kwalin kawai na shafa, har ya yi murmushi, wani abokin aikinsa ya tsokane shi wai ango har yanzu. Ya tambaye ni me na yi musu. Na faɗa, tun daga tsamiya. Ya rufe fuska da hannun hagu.

Ya ce ruwa da mai su ne masu kashe albarushi. Irin waɗannan na koyo ba a toshe bakinsu da gindinsu da wani abu, don ba a yi su domin ruwa ba. Wasu sun sha da yawa suka mutu, wasu rabi suka sha, kuma masu rabin nan su ne mugaye. Ni na fasa bindigar, Yaya. Da hannuna, ina waƙa.

Na ce to mu je mu faɗa. Ya ce abadan. Idan aka san wani ya buɗe akwatin, ruksarsa ta tafi, kuma babu mai koyarwa ba ruksa. Idan ya yi shiru za a ce laifin harsashi ne, a mayar da shi aiki bayan ya warke. Ya ce Mahadi zai sami wani aikin. Da yake faɗin haka bai dube ni ba, bango yake kallo.

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Kada ki gaya wa Gwaggo.

Taki,
Hanan

Rusaifa, Makka
Ranar Asabar

Yayata Ɗaso,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Na saurari saƙon muryarki, na ji faɗan, na kuma ji kukan da ya biyo baya. Duka na karɓa.

Kin ce in bi abin da mijina ya ce in rufe bakina. Na yi niyya, wallahi. Sai ranar Litinin Tahani, matar Mahadi, ta zo dubiya. Tsohon ciki gare ta, ta hau benenmu tana haki, da kular asida, wato tuwonsu, da miyar kuɓewa busasshiya. Ta durƙusa gaban Ummi tana ba da haƙuri, wai sun cuce mu, kayansu sun nakasa ɗan mutane. Ta ce Mahadi ba ya cin abinci, yana ta auna ragowar kayan ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ya yi kuskure. Ta riƙe hannuna ta ce, "Habibti, ki yafe mana." Ni ce na zuba mata shayi. Ban san yadda bai zube ba.

Da ta tafi na shiga ɗaki. Muhsin ya ji komai ta bayan ƙofa. Kular tana ajiye, babu wanda ya iya buɗewa. Na ce masa ba zan fita ba da izininsa ba, amma ba zan iya cin abincin nan ba, kuma ba zan iya zuwa sunan jaririn nan in yi guɗa ba. Aka kira magariba, ya fita. Da ya dawo daga masallaci ya ce in nemo kwalbar humrar, gobe za mu fita.

Ban taɓa zuwa nadin ba sai ranar. A littafi da an ce ofishin shugaba sai ki ga kujerun fata da mutum mai tsawa. Wannan ɗan tsoho ne mai tabarau, yana cin dabino. Muhsin ya fara magana, ya ce laifinsa ne, shi ya bar makulli a aljihu. Ni na ƙarasa sauran, da Larabci, ban tsallake ko audugar ba. Mudir ya shinshina kwanson, ya shinshina kwalbar, ya ce la haula wa la ƙuwwata. Ya sake tambayata ko da gaske tsamiya, ta kunu. Na ce ita. Ya cire tabarau ya goge ido, ban sani ba ko dariya yake dannewa ko takaici.

Ya sa aka ɗauko kwali na biyu, wanda ban taɓa ba, masu dushewar nan da na raina. Aka kira Mahadi ya zo. Aka sa mini abin toshe kunne, na tsaya bayan gilashi. Wani mai koyarwa ya harbe su duka, a hankali da kuma da sauri. Ko ɗaya bai ƙi tashi ba. Da aka jawo takardar, ramukan sun taru a tsakiya, tafin hannuna zai rufe su. Mudir ya sa aka harba sababbi a wata takardar, ya jera su biyu, ya daɗe yana dubawa, ya ce shi bai ga bambanci ba. Mahadi ya zauna a ƙasa wurin ya yi sujada. Da ya ɗago sai ya nufi Muhsin. Ya rungume shi, yana kiyaye hannun mai ciwon.

An mayar da Mahadi aiki. Nadin ya karɓi harsashin, samarin Mansur za su fara wata mai zuwa. Wani ne zai koya musu. Mudir ya ce dole ya kai rahoto, kuma shekaranjiya aka karɓe ruksar Muhsin, aka zo aka ɗauke akwatin. Wai yana iya sake nema nan gaba, ba a ce yaushe ba. Yanzu zai riƙa zama a shagon kayan waya na yayansa Ja'afaru. Ummi ta ce alhamdu lillahi makami ya bar mata gida, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka, don ta san tun Muhsin yana ƙarami abin da yake so ke nan.

A hanyar dawowa Ja'afaru ne ya tuƙa mu. Muka shigo iyakar Harami. Sai Muhsin ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kin ga yadda suka taru a tsakiya? Na gaya musu." Muryarsa kamar ta wanda ya ci gasa. Ni kuwa a baya nake, ina cizon gefen mayafi.

Ban san ko ya huce ba. Yana cin abincina, yana amsa gaisuwata, wani lokaci in kama shi yana lanƙwasa manuniyar a iska, kamar mai jan kunama, tana tsayawa a rabi. An warware ɗinkin. Likita ya ce a riƙa murza ta safe da yamma, watakila ta saki. Ummi ta ce za ta yi, Ja'afaru ya ce a kai shi wurin masu gashin ƙashi. Muhsin kuwa da safen nan ya zauna a bakin gado, ya miƙo mini hannun.

Littafin da na fara kafin abin nan yana nan a kife inda na bar shi. Kada ki aiko wasu tukuna. Humrar kuma na ba Tahani, don ta yi fitar suna da ita idan ta haihu. Man da nake murza masa yatsa da shi na likita ne, fari, ba ya ƙamshin komai. Na karanta takardar da ke jikinsa tun daga sama har ƙasa kafin in buɗe, sannan na tambaye shi ko haka ake yi.

Ki gaishe da Gwaggo da Zinariya da maigidan. Ki sa yatsan nan a addu'arki.

Ƙanwarki,
Hanan