Dubiyar Sufyanu

Madawa

Zuwa ga Yaya Halidu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Inna kuna lahiya. Tunda ba ka ɗaukar wayata, na ba direba wagga takarda.

Ƙanenmu Sufyanu na kwance asibiti, ciki ya kumbura. Lokotoro ya ce giya ta cinye hanta, kuma shan kansa ciwo ne: jiki ya saba, in an hana shi sai karkarwa. Na gani da idona, ko cokali ba ya iya riƙewa. Kowa a ɗakin ana zo mishi dubiya da hura, shi ko mai ce mishi sannu babu sai ni. Inna yake kira. Don Allah ka kawo ta.

Ƙanwarka,
Zulaihatu

Babankatami

Zulaihatu,

Bayan sallama, muna lahiya, muna girbin gero.

Ciwo? Wa ya taɓa shiga shago ya ce a zuba mishi masassara? Tare da sa'o'insa sunka tahi Abijan cin rani, wasu sunka dawo da kwanon ruhin ɗaki, shi ya dawo da kwalba. Hali ne.

Kuma kin san garinmu. In Inna ta tashi zuwa dubiya, matan unguwa duka sai sun biyo ta, su je su ji abin da lokotoronku ke hwaɗi. Ni nake jan salla in liman ba ya nan. Na ce wa Inna yana wurin aiki. In yana son ganinta, ya tuba, ya zo da ƙahwarsa.

Ki huta lahiya.
Halidu

Madawa

Yaya,

Ina gaishe ka, amma raina a ɓace yake.

Ran da goro ya yanke maka, wa ke iya yi maka magana a gidan nan? Kai ma kake cewa kanka na sarawa. To, nasa ya hi haka nesa. Ya tuba tun tuni, yana kuka, jikin ne bai bi shi ba. Ƙahwar da kake jira ba ta taka ƙasa yanzu. Ka ce hali ne, na ji. Mai mugun hali ba shi da uwa?

A gaida Inna.
Zulaihatu

Babankatami

Zulaihatu,

Allah ya jiƙan Sufyanu. Gawa ta iso, mun kai shi makwancinsa, jama'a ta taru sosai. In kin zo zaman makoki mu yi baki ɗaya: ciwo ne ya kwantar da shi. Haka na hwaɗa wa Inna da kowa. Kada ki ƙara komi a kai.

Sai kin iso.
Halidu

Madawa

Yaya,

Amin. Na ji, ciwo ne.

Inna ta sa an kira mata ni a waya jiya. Ta ce in ɗanta ciwo ya yi, mi ya hana a kai ta dubiya? Na ce ta tambaye ka.

Wassalamu.
Zulaihatu